TSAKANIN TURU DA DANGWALE: INA ZA MU KAI ƊAN'UWANMU?

Yau zan taɓo wata magana wadda na san wasunku za su ɓata fuska tun kafin su kai ƙarshenta, to amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Maganar ita ce ta shiga binciken likitoci a kan ciwon taɓin hankali, musamman irin wanda yake ɗaga mutum sama ya dawo ya maka shi da ƙasa har ya rabu da zahiri. Idan aka ce ana son ɗan'uwanka mara lafiya ya shiga irin wannan bincike, me za ka ce? Na ji amsa iri biyu a majalisunmu. Wasu sun ce haramun ne, makircin Turawa ne, a mayar da shi gida a ci gaba da hayaƙi. Wasu kuma sun ce ai likita ya fi mu sani, a dangwala kawai a karɓi kuɗin mota. To ni ina ƙalubalantar duka ɓangarorin biyu, domin kowannensu ya zalunci mara lafiyar, kuma babu wanda ya tsaya ya tambaye shi ra'ayinsa.

ABIN DA IDONA YA GANI

Shekara uku da suka wuce ɗan baffana, wanda muka yi Islamiyya aji ɗaya, ya daina barci. Kwana biyar bai runtsa ba, kuma bai ce ya gaji ba. Surutu kamar an kunna rediyo, ya rabar da jarin shagonsa a yini ɗaya, daga nan ya fara cewa shi ne Mahadi, wai masu karanta labarai da shi suke magana a fakaice. Gida aka ce aljanu ne. Aka kai shi wani ƙauye wurin wani mai magani, aka sa masa mari a ƙafa, ya yi wata biyu. Har yau tabon yana nan a idon sawunsa. Da aka dawo da shi sai ciwon ya juya. Ya daina magana, ya daina cin abinci, yana cewa hanjinsa ya ruɓe, yana cewa zunubinsa ya fi ƙarfin gafara. Sai da muka ga zai mutu a hannunmu sannan muka kai shi wani asibiti, aka ɗora shi a kan magani, cikin 'yan makonni ya dawo hayyacinsa har yana jin kunyar abin da ya faru.

Wata rana mun koma ganin likita sai wani mutum ya tare mu a baranda da fayil a hannu. Ya miƙa wa baffa takarda mai shafi huɗu da Turanci, ya buɗe ɗan akwatin tawada, ya ce Baba dangwala nan, bincike ne, za a ba ku kuɗin mota. Baffa har ya miƙa yatsa. Na karɓi takardar na karanta da ɗan Turancin sakandarena, sai na ga ba ma magani za a gwada ba, yawu za a ɗiba a yi wasu tambayoyi. Amma baffa bai san haka ba, kuma shi mai yawun yana zaune a kan benci da hankalinsa garau, ba wanda ya kalle shi. Wallahi a ranar na gane cewa mai mari da mai tawada hali ɗaya gare su a wannan fuskar: dukansu sun ɗauki ɗan'uwana kamar kaya.

WANE CIWO NE WANNAN?

Likitoci suna kiran irin ciwon ɗan baffana baifola, wato ciwo mai fuska biyu, hawa da sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 40 ne suke fama da shi a duniya. Akwai kuma baƙin ciki mai tsanani wanda shi babu hawa a cikinsa, amma idan ya yi nisa yakan zo da jin muryoyi da yarda da abin da ba shi da tushe, kamar mutum ya haƙiƙance cewa ya riga ya mutu ko shi ya jawo wa gari bala'i. Akwai wanda yake kama mata bayan haihuwa, mace ɗaya zuwa biyu cikin kowace haihuwa 1,000. Waɗannan cututtuka suna kashewa, domin mai su yakan iya halaka kansa. Kuma suna da magani. Muna yin addu'a, muna yin ruƙiyya ta shari'a, babu mai hana mu. Amma wanda ya ce addu'a ta hana kai mara lafiya asibiti, to ya kawo mana hujjarsa, domin shi kansa idan ƙafarsa ta karye wurin mai ɗori yake zuwa.

TSORONMU YANA DA DALILI

Kada wani ɗan boko ya zo ya ce mana jahilci ne ya sa muke ɗari-ɗari da bincike. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi. Ba a haife ni ba a 1996, amma babu ɗan Arewa da ya tashi bai ji labarin ba. A shekarar annobar sanƙarau ta kashe mutum sama da 11,000 a ƙasar nan. Ana tsakiyar wannan musiba kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada sabon maganinsa Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu, 5 daga cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 daga cikin waɗanda aka ba ɗaya maganin, wasu kuma suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin asibiti da aka nuna, bayan an gama aikin aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta kashe yaran, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Kuma ba mu kaɗai aka yi wa ba. A garin Tuskegi na Amurka, daga 1932 har zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnati ta zuba wa baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere ido, ta hana su magani ko bayan da fenisilin ya samu, don kawai a ga yadda cutar take cin mutum. A Jamus ta Hitila, tsakanin 1940 da 1941, an kashe masu taɓin hankali da naƙasassu kimanin 70,000 da iskar guba, kuma likitoci ne suka sa hannu. Irin wannan ta'asa ta likitocin Jamus ce ta haifar da ƙa'idojin Nurembag a 1947, sannan sanarwar Helsinki a 1964, waɗanda suka tabbatar da cewa ba a yin bincike a jikin mutum sai da yardarsa bayan ya fahimta. Saboda haka duk wanda ya ce mu yarda da mai farar riga ido rufe, bai karanta tarihi ba.

AMMA GUDUN YA KAI MU INA?

To, 'yan'uwa, mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. A 2003 an dakatar da allurar shan inna a wasu jihohin Arewa saboda zargi, Kano ba ta dawo ba sai a watan Yulin 2004. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. 'Ya'yan wa suka shanye? Na Pfizer ne ko namu? An gudu ba a tsira ba ke nan.

Haka yake a fagen taɓin hankali. Muka ƙi asibiti, muka ƙi bincike, sai muka miƙa 'yan'uwanmu ga gidajen mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, kuma kafin shekarar ta ƙare aka bankaɗo wasu irinsa a wasu garuruwan. Ina tambayar mai cewa kada a mai da ɗan'uwanmu zakaran gwajin dafi: wanda ya ɗaure shi a turu, yana ɗura masa jiƙon da shi kansa bai san ƙarfinsa ba, yau wannan gobe wancan, shi ba gwaji yake yi ba? Gwaji ne mana, sai dai gwaji ne da babu rubutu, babu awo, babu mai sa ido, in mutum ya mutu a ce kwanansa ne ya ƙare. Me ya sa zaluncin baƙo yake ƙona mana rai, na gida kuma muke kiransa taimako?

Sannan ku sani, duk ƙwayar da ta dawo da ɗan baffana hayyacinsa, a jikin wasu bayin Allah aka fara gwada ta. Maganin litiyam, wanda har yau yana sahun gaba wajen hana baifola dawowa, wani likita ne a Ostareliya mai suna John Cade ya ba majinyata 10 masu hawan ciwon, ya bayyana sakamakon a 1949, sannan Mogens Schou ya tabbatar da shi a Denmak a 1954 ta hanyar kwatanta shi da ƙwayar holoƙo wadda babu magani a cikinta. Maganin farko mai kwantar da muryoyi da ruɗu a Faris aka gwada shi a 1952. A 2009 aka fitar da sakamakon wani bincike na Amurka da Kanada a kan masu baƙin ciki mai haɗe da ruɗu: waɗanda aka haɗa wa magani biyu, kimanin kashi 42 cikin 100 suka warware, waɗanda aka ba ɗaya kuwa kashi 24 kacal. Da iyalan waɗannan mutane sun ce a'a, da yau likita yana lalube ne a cikin duhu. Muna cin moriyar sadaukarwar wasu, muna zagin hanyar da ta kawo ta.

Kuma wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abubakar Arrazi, babban likitan Bagadaza wanda ya rasu wajen 925, ya rubuta yadda ya yi wa wasu majinyata tsaga ya bar wasu da gangan ba tare da ita ba, domin ya kwatanta ya san gaskiyar ra'ayinsa. Asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe na masu taɓin hankali. Magabatanmu sun auna sun rubuta, mu kuma muka gaji turu.

TAMBAYOYIN DA BABU MAI AMSA MANA SAI MU

Ga babban dalilin da ya sa na ce ƙauracewa asara ce. Akwai tambayoyin da suka shafe mu kai tsaye, waɗanda Bature ba zai tashi ya binciko mana su ba.

Ɗauki azumi. Litiyam magani ne da ake auna yawansa a cikin jini, idan jiki ya bushe saboda rashin ruwa yakan taru ya zama guba ga ƙoda da ƙwaƙwalwa. Sannan rashin barci yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da hawan baifola. To yaya mai shan litiyam zai yi da Ramadan a zafin Sakkwato ko Maiduguri, ga ƙishirwar yini, ga sahur, ga tsayuwar dare? An yi 'yan ƙananan bincike a Maroko da suka ga ciwon yana dawo wa wasu a watan azumi, an yi wani a Pakistan da bai ga illa ba. Malamin da za a tambaya fatawa da likitan da zai ba da shawara duk suna buƙatar amsa daga yanayinmu, kuma ba za ta samu ba sai masu azuminmu sun yarda an auna su.

Ɗauki jini. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma Allah Ya halicce su da ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini idan aka kwatanta da Turawa, kuma lafiyarsu ƙalau. Amma da yake ma'aunin maganin kulozafin, wanda ake ba masu ruɗun da ya ƙi jin sauran magunguna, da jinin Turawa aka tsara shi, shekara da shekaru ana hana baƙaƙen fata shi ana cewa jininsu ya yi ƙasa. Sai a 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta gyara ma'aunin. A wani ƙididdiga na 2016 an ga cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu Turawa ne, 'yan asalin Afirka kimanin kashi 3. Wanda ba ya nan lokacin awo, rigar wani za a ɗinka masa.

Kuma an nuna cewa ana iya yin bincike na mutunci a nahiyar nan. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara jinyar masu taɓin hankali a ƙauyen Aro kusa da Abekuta, suna zaune da danginsu a gidajen mutanen gari. A 2020 ayarin Farfesa Oye Gureje ya fitar da sakamakon bincike a Ibadan da Kumasi a kan majinyata kimanin 300, inda aka haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan ƙananan asibitoci suka yi aiki tare, majinyatan suka fi samun sauƙi. A ƙasar da a 2019 likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba ga mutum kusan miliyan 200, irin wannan ilimi ai ceton rai ne.

YARDA TA WAYE?

A nan ne nake son 'yan Islamiyya su buɗe kunne. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambance wanda hankalinsa ya gushe gaba ɗaya da wanda abin yake zuwar masa yana tafiya. Na biyun, idan ya farfaɗo, cinikinsa ya inganta, maganarsa abar kamawa ce. Baifola irin na biyun ne. Saboda haka idan ɗan'uwanka yana cikin hayyacinsa, shi ne mai cewa eh ko a'a, ba kai ba, ba mahaifinsa ba, ba likita ba. Idan kuma ciwon ya rufe shi, waliyyi amana aka ba shi, ba ya da ikon yin tasarrufi sai da abin da yake maslaha ga mara lafiyar. Waliyyin da ya dangwala don kuɗin mota ya ci amana. Wanda kuma ya hana mai hankali abin da ya zaɓa wa kansa bayan ya fahimta, shi ma ya shiga haƙƙinsa.

Dokar ƙasa ma ta zo daidai da wannan. Tun 2007 akwai kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, Dokar Lafiya ta 2014 ta ƙarfafa kwamitin da ke kula da shi, a watan Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma doka a takarda ba ta tare kowa a baranda. Kai ne za ka tsaya.

SHARUƊƊANMU

Duk wanda ya zo da takardar bincike, a Dawanau ne, ko Barnawa, ko Kware, ko Maiduguri, ko ma ina ne, ga abin da za ku nema kafin a taɓa tawada:

1. A kawo takardar da Hausa, a karanta wa mara lafiyar da kansa, sannan ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa. A ba ku kwafi ku je gida ku yi shawara.

2. A nuna shaidar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, da kwanan wata, da inda za a kai ƙara. Darasin 1996 ke nan.

3. A faɗi irin binciken. Tambayoyi ne kawai, ko ɗibar jini da yawu, ko gwajin magani? In magani ne, ƙuri'a za a yi wajen raba mutane? Akwai ƙwayar holoƙo a ciki?

4. Za a dakatar da maganin da yake sha? Wannan ita ce tambaya mafi hatsari, domin yanke litiyam farat ɗaya yana iya dawo da ciwon da ƙarfi. Kada wanda ya bar maganinsa ba da sanin likitan da ke duba shi ba.

5. Idan ciwon ya tashi da tsakar dare wa za a kira, kuma wa zai biya kuɗin jinya in an samu illa?

6. Ina za a kai jinin ko yawun, shekara nawa za a ajiye, wa zai gani? Sirrin wannan ciwo idan ya fita yana iya hana saurayi aure, har ya shafi ƙannensa mata.

7. A tabbatar cewa yana da ikon ficewa a duk ranar da ya so, kuma ƙin shiga ba zai rage masa kulawar asibiti ba.

8. Idan maganin ya yi amfani, bayan an gama zai ci gaba da samunsa, ko za a naɗe tabarma a bar shi? Kuma a dawo a gaya mana sakamakon.

Mai binciken kirki zai yi murna da waɗannan tambayoyi. Wanda ya fusata ko ya ce sauri yake yi, ku miƙa masa takardarsa ku yi gaba. Kuɗin mota kuwa haƙƙi ne na wahalar zuwa, amma idan kuɗin ya yi yawan da zai rufe wa talaka ido, to ku ƙara bincikawa.

Haka muka yi da mutumin baranda. Na ce ba za a dangwala ba sai an kawo ta da Hausa. Bayan mako biyu aka kawo, aka zauna da ɗan baffana aka karanta masa, ya yi tambayoyinsa, ya ce ya yarda da tambayoyin amma bai yarda a fitar da yawunsa ƙasar waje ba. Aka rubuta haka, ya sa hannu da kansa. A hanyar gida ya ce min tunda ya fara ciwon nan, ranar ce ta farko da aka tambaye shi abin da yake so.

Ya ku matasa, aikin yana wuyanmu. Mu ne muka iya karatun boko da na allo, mu ne muke raka iyayenmu asibiti. Ku raka mara lafiya, ku karanta masa takarda, ku hana a ɗaure shi, ku daina kiransa da sunan ciwonsa a majalisa. Masu ƙoƙari a makaranta su nemi karatun likitancin ƙwaƙwalwa da aikin jinya, domin gobe ya zama namu ne suke riƙe da fayil ɗin, suna tsara tambayoyin da suka dame mu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana hankulanmu, Ya kare mu daga zaluntar raunana da sunan ilimi ko da sunan taimako.